Kunyar 'Yar Fari da Maganin Tsinka Jini

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan yake nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kallon tsakiyar idona, idan kuma magana ta kama dole sai ta nemi wani ta ce masa, "A hwaɗa ma waccan." Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Bodinga aka kai ni wurin kakata, a rugarsu da ke bayan Dandin Mahe, cikin ƙasar Shagari. A can na tashi cikin ƙannen mahaifiyata, na ji suna ce mata Adda, wato yaya da Fillanci, ni ma na kama. Har ta bar duniya Adda nake ce mata.

Ban yi maraicin uwa ba, kada wani ya ji tausayina. Kakata ta shagwaɓa ni har ƙannen Adda suna cewa an lalata yarinya. Ina tuna ƙamshin man shanu a jikin zanenta, da yadda take dama mini fura da kindirmo tun kafin a saki maruƙa, da kukan shanu in sun doso gida da yamma kowace tana neman ɗanta. Idan aka kai ni Bodinga ganin gida, Adda takan dubi bakin ƙofa ta ce, "An zo lahiya?" kamar da ƙofar take gaisawa. Amma in an sauke tukunya, tsokar da ta fi kowace girma a kwanona take sauka, ta hannun wata ƙanwata. Nakan koma in kai ƙara wurin kakata, in ce matar nan ba ta sona. Kakata ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce in ci namana in yi shiru, ita ma haka ta yi wa Adda.

Shirun ne ban iya ba. Zuciya gare ni tun ina ƙarama, dangin uwata kuma sun ce ba a wurinsu na gado ta ba. Da wannan bakin nawa na yi karatu har na zama mai harhaɗa magunguna a wani asibiti a Sakkwato. Aikina kullum shi ne tambayar mutanen da ban taɓa gani ba abin da ko aminansu ba sa tambayarsu: me kike sha, tun yaushe, wa ya ba ki, yaya fitsari, yaya bayan gida. Tsofaffi masu furfura suna ba ni amsa ba tare da sun sunkuyar da kai ba. In na sauka a tashar Bodinga, kafin in kai gida an tare ni sau da yawa, wannan ya nuna mini kwalin magani, waccan ta buɗe mini bakin ɗanta. Duk garin likita suke ce mini, na gaji da gyara musu na bari. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambayata ko maganin ciwon kai ba, ita ce wadda ta haife ni.

Bayan rasuwar mahaifinmu zuciyar Adda ta fara ba ta wahala. Bugun ya rikice, ga haki, ga kumburin ƙafa. Likitan zuciya ya ce abin tsoron shi ne jini ya dunƙule a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye mata ɓarin jiki. Sai ya ɗora ta a kan wafarin, wata 'yar ƙwaya da ke tsinka jini don kada ya daskare. Magani ne mai kyau, amma ba ya son kishi da kowa. In ya yi kaɗan jini ya dunƙule, in ya yi yawa jini ya tsinke har ya riƙa zuba inda ba a so. Shi ya sa ake auna jinin mai shan sa a kai a kai. Kuma akwai magunguna da yawa, har waɗanda ake sayarwa a faranti a kasuwa, da in suka haɗu da shi a ciki ɗaya sai su ƙara masa ƙarfi ko su huda masa hanya.

Ranar da muka dawo da maganin, mu uku muka zauna a ɗakinta: ni, da ita, da autarmu wadda a lokacin ba ta yi aure ba. Ina magana da auta, auta tana juyawa tana maimaita wa Adda, alhali tabarma ɗaya muke kai. Na ce kada ta ƙara shan kowane irin magani sai na gani. Na ce in ta ga jini a dasashi, ko haɓo, ko tabo a jiki ba tare da ta buge ba, ko bayan gida ya yi baƙi, a kira ni nan take. Auta ta isar da saƙo tsaf, ba ta rage komai ba. Adda tana tsince tsakuwa a cikin gero ta ce wa auta an ji. Haka muka yi ta tafiya lafiya: abin da ya dami Adda ta gaya wa auta, auta ta buga mini waya, ni in faɗi abin da za a yi.

Sai aka yi wa auta aure aka kai ta Dingyadi. Mun sha biki, mun yi rawa, babu wanda ya tuna cewa bakin Adda muka ɗauka muka kai gidan miji. Ƙannena maza ne suka rage a gidan, su kuwa ba a yi macen da za ta zauna da ɗanta namiji tana ba shi labarin cikinta ba. In na kira su na tambaya, sai su ce Inna lafiyarta ƙalau, ga ta can tana aiki.

Lokacin cirar albasa ne. Wanda bai zauna Bodinga a wannan lokaci ba bai san warin garinmu ba, warin da in na ji shi yanzu a kasuwar birni sai ƙwalla ta cika mini ido, kuma ba yajin albasar ba ne. Maza suna fadama suna cira suna jerawa a rumfunan kara, mata kuma suna gida da ganyen. A daka lawashi, a dunƙula, a shanya a rana ya zama gabu, wanda za a yi ta miya da shi har wata shekara. Adda gwanar gabu ce, nata ba ya fumfuna, har daga wasu unguwanni ake aikowa. An hana ta aikin ƙarfi, amma hana Adda daka a lokacin albasa daidai yake da hana kaza tono.

Wata Asabar na shiga motar Bodinga da 'yata a goye, jaririya ce ko rarrafe ba ta fara ba. Na yi sallama na tarar da Adda a tsakar gida ta jingina da taɓarya tana mayar da numfashi. Ta gaida ƙofa kamar yadda ta saba. Ni kuwa idona ya riga ya sauka a kan asawakin da ta ajiye a gefen turmi, bakinsa ja wur. Da ta ɗaga hannu za ta gyara kallabi, mayafinta ya zame, na ga wasu tabba baƙaƙe-baƙaƙe a damtsenta, manya, irin na wanda aka daka. Leɓenta ya yi fari fat. Na san abin da nake kallo. Jininta ya tsinke fiye da kima, kuma wani wuri a cikin jikinta yana zuba.

Na ajiye kunya a gefe na tsaya a gabanta. Na ce, "Adda, me kike sha ban da maganin da na ba ki?"

Ta kawar da kai ta dubi cikin turmi. "Lahiya lau aka," in ji ta, da turmin take.

Na sake tambaya, ta sake ba turmi amsa. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga murya a gidan ubana yadda ban taɓa yi ba, na ce ni ba baƙuwa ba ce, ni ta haifa, kuma in ta ga dama ta mutu da kunyarta to ni ba zan tsaya ina kallo ba. Na ce ta ɗauko mayafi mu tafi Sakkwato. Ta jingine taɓarya a hankali, ta shige ɗaki tana dafa bango. Wasu sun ce na yi rashin ɗa'a ranar, ni kuwa har gobe ban ga abin da ya kamata in yi ba in ba wannan ba.

Matsalar ita ce ihu ba ya gaya wa likita komai. Ko na ɗauke ta da ƙarfi, tambayar farko da za a yi mini ita ce me ta sha, kuma ni da nake yi wa mutanen gari wannan tambaya ba ni da amsa a kan uwata. Na kira auta, wayarta a kashe. Ihun da na yi kuma ya tayar da jaririya, ta callara kuka. Na bi Adda ɗaki, na kwance goyon na dire yarinyar a kan tabarma kusa da ita, da fushi na yi, ba da wata dabara ba. Na fito na tsaya a bakin ƙofa na juya musu baya.

Kukan ya tsaya. Na ji Adda ta ɗauke ta tana jijjigawa, tana yi mata irin tsiyar da kaka ke yi wa jika, wai ga mummuna mai hancin ubanta, ta zo cin arziki ba ta kawo ko goro ba. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa. Can sai muryarta ta sauka ƙasa.

"Ƙawata, ke dai ba ki da hwaɗa awa wasu. Bari in hwaɗa miki. Gwiwun ga da kahwaɗa su ad dame ni tun da anka hwara albasa. Maƙwabciyata ta kawo man haɗin gajiya cikin leda, ina sha sahe da marece, in na sha sai in ji ni garau."

Haɗin gajiya na san shi sarai, ƙwayoyin kashe zafin ciwo ne kala-kala ake ƙullawa a leda ɗaya a sayar wa manoma da masu dako. Ko mai lafiya ya daɗe yana sha suna cinye masa bangon ciki, balle wadda jininta ba ya saurin tsayawa. Ban juyo ba. Na dubi katangar gidan na ce, da murya mai sanyi wadda ban san ina da ita ba, "'Yar nan, tambayi kakarki, ban da shi akwai wani?"

Na ɗauka na ɓata abin. Sai na ji ta ce, "Ji ta da tambaya awa alƙali. Akwai wata hwara mai ɗacin tsiya. Cikina ya ɓaci kwanan baya, aminiyata ta aiko man da ita, na sha kwana da kwanaki."

Wannan farar mai ɗaci maganin gudawa ce da kowane gida yake da ita, kuma tana cikin waɗanda muka fi tsoro ga mai shan wafarin. Hana jiki take yi ya narkar da shi ya fitar, sai ya taru, ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko fiye. Wato ɗaya ta tsinka jinin fiye da yadda likita ya nufa, ɗaya kuma ta huda masa inda zai fita. Haka muka ci gaba, ina tambayar jaririyar da ba ta san hannun damanta ba, kakarta tana ba ta amsa. Ta faɗi jiƙon tafarnuwa da wata ta kawo mata don hawan jini. Ta faɗi jirin da ke ɗibarta in ta miƙe. Da na sa a tambaye ta bayan gida, ta ce, a hankali ƙwarai, baƙi ƙirin yake fita kamar kwalta, yau kwana uku ko huɗu.

Na sa a tambaye ta don me ta sha bayan an hana ta. Amsar da ta bayar har yau tana kunnena. "Ƙawata, mutum ya tako da ƙahwa tai, ya zaka dubiya, ya kawo maka abin da yaj ji daɗinai, ka ce ba ka sha? Ina idon yin hakanga?" Haka dubiya take a wurinmu. Ba a zuwa hannu rabbana, kuma wanda ya ƙaunace ka shi ke kawo maka maganin da ya yi masa aiki. Duk ƙwayar da ta kusa kashe Adda da so aka kawo ta.

Na ce a gaya wa kaka za mu asibiti yanzu. Ta ce a gaya wa mai faɗa gabunta yana rana. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyar, na ce ta kwashe, sauran maganar sai na dawo. Adda ta fito da mayafinta, da jikarta a kafaɗa, ta ƙi ba ni ita har muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa tasha.

A asibiti awo ya nuna abin da nake tsoro, har ya fi. Aka dakatar da wafarin, aka yi mata allurar bitamin K da ke mayar wa jini ƙarfin daskarewa, aka ba ta maganin gyambon ciki, aka ƙara mata jini. Likitan ya ce da an ƙara kwana biyu a gida da labarin ya sha bamban. Ya yaba da yadda na kawo bayanin komai dalla-dalla, ya ce da kowa zai zauna da mahaifiyarsa su yi magana haka da aikinsu ya yi sauƙi. Na ce masa haka ne. Duk kwanakin da ta yi a kwance, ma'aikatan ɗakin suna mamakin tsohuwar da ba ta yarda a raba ta da jaririya, suna cewa kai, wannan kaka da son jika take.

Da muka koma gida maƙwabciyar ta zo tana kuka, ta ce ita wallahi taimako ta yi nufi. Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na ji Adda tana gaya wa jaririya cewa a hwaɗa ma wasu su bar baiwar Allah ta sha iska, tare suka yi zaman amarci a unguwar nan tun wasu ba su zo duniya ba. Na rufe bakina. Amma na zaunar da matan unguwar na yi musu bayani, kuma daga ranar Adda ta samo hanyar da ba za ta kunyata kowa ba. Duk wanda ya kawo magani sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa a wata ƙwarya, ta ce sai ƙawarta ta Sakkwato ta zo ta gani.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi da ita. Ba na zuwa Bodinga sai da yarinyar. Mu zauna a inuwar darbejiya, Adda ta ɗora ta a cinya ta juye mata ƙwaryar magunguna, ni ina gefe ina ware na zubarwa. Daga maganar magani aka gangara zuwa wasu. Ta bakin yarinyar nan na ji yadda aka kawo Adda Bodinga a kan jaki tana kukan rabuwa da shanunsu. Ta bakinta na ji cewa ranar da aka ɗauke ni aka kai Dandin Mahe, Adda ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba, ta ce wa mutane zazzaɓi ne. Ina jin wannan na tashi na shiga bayan ɗaki kamar zan ɗebo ruwa.

Amma jariri ba ya zama jariri. Yarinya ta yi baki, kuma bakin uwarta ta ɗauko. Wata rana Adda tana cikin ba ta saƙo, sai ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, ga ta nan zaune fa, ki gaya mata mana." Adda ta ce ji 'yar banza, ta kai mata dundu na wasa, muka yi dariya. Sai dai daga nan saƙon ya fara gajarta, domin yanzu akwai kunnen da ke fahimta, mai iya kwashewa ya kai wa 'yan wasan ƙasa. Da aka sa ta makaranta kuma sai zuwan namu tare ya koma sai hutu. Tsoro ya dawo mini sabo. Ga tsufa ya ƙaru, ga magungunan sun ƙaru, ga shi kuma an sake barina da turmi da ƙofa.

Ana cikin haka likita ya canza mata maganin hawan jini. Bayan 'yan kwanaki na kasa samun natsuwa a wurin aiki, na nemi izini na shiga mota ni kaɗai. Na same ta zaune a bakin gado, gidan shiru, maza suna gona. Ta gaida ƙofa, na amsa. Na zauna a ƙasa ina duba kwalayen maganinta, ina satar kallon hannuwanta da leɓenta, ina tunanin ta inda zan ɓullo. Na ga ta dubi bayana, inda goyo yake zama. Ta dubi tsakar gida, babu kowa, ko akuya. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

Sai ta ce, "Ke."

Na ɗago. Ni take kallo, cikin ido.

"Sabon maganin ga da kinka kawo, in na tashi tsaye jiri shika sa ni. Jiya saura kaɗan in hwaɗi bakin randa."

Na haura shekara arba'in a duniya ranar, da aurena da 'yata, kuma wannan ce magana ta farko da uwata ta yi da ni ba ta hannun kowa ba. Na sha raya yadda za ta kasance tun ina yarinya a ruga, ban taɓa kawo jiri da randa a ciki ba. Na ɗauko abin awon hawan jini na ɗaura mata, na auna tana zaune, na auna tana tsaye. Na tambaye ta ko da safe ya fi yi mata, ta ce da safe. Na ce ta riƙa zama a bakin gado kaɗan kafin ta miƙe, kada ta je bakin randa ita kaɗai, ni kuma yau ɗin nan zan yi magana da likita a rage mata shi.

Ta ce to. Ni ta ce wa to.